Wasannin gidajen Play na Damagaram: me za a adana, kuma ta yaya?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga wata magana da ta dace da wannan zaure. A 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin bidiyo da aka sayar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su yanzu a kasuwa. Wannan fa a inda ake da gidajen ajiya ke nan, irin su The Strong da ke Rochester da tarin Cabrinety na jami'ar Stanford. A Faransa ma tun dokar 1992 babban ɗakin karatu na ƙasa ke karɓar kwafin wasannin da aka fitar, kamar yadda yake karɓar littattafai. To mu nan fa? Ra'ayina shi ne kada mu ɓata ƙarfinmu wajen farautar faifan asali na wasan ƙwallon PES 6 ko God of War, waɗannan an riga an kwafe su an tantance su a wurare da yawa. Abin da babu wanda zai adana in ba mu ba shi ne wanda aka yi wa faci, wato aka sauya abubuwan cikinsa, ake bugawa a gidajen Play na Birni da Zango da Sabon Gari, da abin da ke cikin katunan memori, da wasannin ƙananan wayoyi. Masana gyara da masana ajiya, ku faɗa mana ta ina ake farawa.

Mai Gyaran Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam Malam. A fara da abin da ya fi kusa da mutuwa, wato faifan da aka ƙona a gida. Faifan kamfani da inji ake buga shi, ramukan bayanin suna jikin robar. Wanda aka ƙona kuwa rini ne a ciki, hasken lektar ya ƙona masa tabo, kuma zafi da rana suna cinye rinin nan a hankali. Masana ajiya suna son faifai ya zauna ƙasa da digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa, balle shagon kwano. Shi ya sa za ka ga faifai ba ƙarzuwa ko ɗaya amma ya ƙi tashi.

Kafin a karanta, a wanke. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a ɗauraye, a shanya a tsaye cikin inuwa. In za a goge, da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira, don ƙarzuwar da ta bi layin bayani ita ce ke kashe faifai. Ƙurar hunturu yashi ce, in ka goge ta a bushe kai ka ƙarje shi da hannunka. Sannan a san bambancin CD da DVD: a CD bayanin yana dab da saman da ake rubutu, ɗan fenti ne kawai ya rufe shi, saboda haka biro mai tsini ko takardar da aka manna aka ɓamɓare sun gama da shi. A DVD bayanin yana tsakanin roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace, ya fi jure ƙarzuwar sama, amma in ya lanƙwashe gam ɗin tsakiya na iya buɗewa.

Ɗan Zango:
Yaya Mai Gyara ya yi daidai. Wajen kwafewa, DVD na PS2, wato PlayStation 2, kowace lektar ta kwamfuta tana karanta shi. In faifan lafiya lau ne, manhajar ImgBurn ta isa, a fitar da ISO, wato fayil ɗaya mai ɗauke da kwafin faifan. In yana tsayawa, a bar Windows a koma Linux a yi da manhajar ceto bayani ddrescue, zagaye biyu. Na farko:
ddrescue -b 2048 -n /dev/sr0 faifai.iso faifai.map
Wannan yana kwashe duk wuri mai sauƙi ya tsallake mai wuya. Na biyu a cire -n a sa -r3, ya koma kan wuraren da suka ƙi sau uku. Fayil ɗin map shi ne riba: yana riƙe da lissafin inda aka samu da inda ba a samu ba, don haka ana iya cire faifan a kai shi wata lektar ta wani kamfani a ci gaba daga inda aka tsaya. Sau da yawa abin da wannan ido ya kasa gani wancan yana gani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da faifan PS1 zuwa ISO. Shi CD ne mai bait 2352 a kowane yanki, wasu kuma kiɗansu yana kan layuka daban kamar faifan waƙa. ISO bait 2048 kawai yake ɗauka, sai wasa ya tashi ba kiɗa ko bidiyon ciki ya lalace. A yi BIN da CUE, tsarin da ke ɗaukar yankin gaba ɗaya har da layukan kiɗa, da manhajar redumper in an samu. Faifan PS2 masu shuɗin ciki su ma CD ne, haka za a yi musu.

Ɗalibar Jami'a:
Malamai, tambaya. Bayan an kwafa, ta yaya za a san wannan faifan na asali ne ko an taɓa shi? Ai murfin ba abin dogaro ba ne.

Ɗan Zango:
Ƙanwata, da lambar hatimi. Ki sa kwamfuta ta lissafa SHA-1 na fayil ɗin, wato lambar da ke sauyawa da zarar an taɓa wani abu a cikinsa, ki nemi lambar a rumbun Redump, wanda ya tattara hatiman faifan asali. In ta yi daidai, kwafin asali ne tsaf, a rubuta an gan shi a Damagaram a wuce. In ba ta yi ba, ɗayan biyu ne: ko karatun ya samu rauni, ko an yi masa faci. Fayil ɗin map zai nuna ko akwai rauni. In babu, to kin samu abin da Malam yake nema. Daga nan ki buɗe ISO ɗin ki karanta SYSTEM.CNF, ɗan ƙaramin rubutu ne da ke faɗin lambar wasan da aka gina facin a kai. SLES na Turai ne, SLUS na Amurka, SLPM ko SLPS na Japan, kuma yana nuna tsarin hoton tele, ko PAL ne ko NTSC. Wannan kaɗai yana ba da labarin hanyar da kayan suka biyo. Murfi zai ce PES na bana, ciki kuwa tsohon inji ne na shekaru da yawa da aka sauya wa riguna da sunaye. Sauye-sauyen suna cikin fayilolin AFS, ana buɗe su da AFS Explorer ko DKZ Studio a ga riguna, tambura, fuskoki da muryar mai sharhi.

Malamin Tarihi:
Madalla. Nan ne aikin ilimi yake. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon kundin malamai ya san matanin littafin ana samun sa ko'ina, amma sharhin da aka rubuta a gefe da sunan wanda ya kwafa su ne ke faɗa maka wa ya karanta, a ina, kuma me ya dame shi. Facin nan haka yake. Wace ƙungiya aka cire aka sa wata? An sa Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar? Ƙarfin wane ɗan wasa aka ƙara? Da Faransanci aka bar menu, ko Ingilishi, ko Larabci, ko Fotugis irin na Bomba Patch na Brazil? Amsoshin nan suna nuna ko facin ya shigo ta Kano ne, ko ta arewa, ko nan aka taɓa shi.

Mai Gidan Play na Sabon Gari:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma kun tsaya kan faifai alhali an daɗe da barin sa. Idon PS2 ba ya jure ƙurarmu, shi ya sa kusan kowane gida ya koma kile, wato ɗan ma'ajin USB. Ana sa manhajar Free McBoot a katin memori, ita ta tada wata mai suna OPL, OPL ya karanto wasa daga kile. Saboda kilen FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil da ya kai giga 4, sai a yanka wasan da USBUtil gunduwa-gunduwa na giga ɗaya ɗaya, masu ƙarewa da .00, .01, .02, da wani ƙaramin fayil ul.cfg mai riƙe da jerin sunaye. Wanda bai sani ba ya kwashi gunduwoyin ya bar ul.cfg, ya tashi da tarin fayilolin da bai san na wane wasa ba ne. Kuma kile ba ya zama da abu ɗaya: faci sabo ya fito, a goge na bara a zuba na bana. Na bara ya tafi ke nan.

Mai Gyaran Kasuwar Dole:
Alhaji ya taɓo inda ke ciwo. Kile in za a adana shi, gaba ɗayansa ake ɗauka, ba fayil-fayil ba. Kada a soka shi a Windows, don da shigarsa za ta rubuta nata a ciki, in kuma kwamfutar na da ƙwayar nan mai ɓoye folda ta bar gajeriyar hanya, an ɓata shaida. A Linux a kashe hawa da kansa, a kulle shi da blockdev --setro, sannan ddrescue ya ɗauki hotonsa daga farko har ƙarshe. Amfanin haka biyu ne: tsarin yana nan yadda mai gida ya bar shi, kuma facin bara da aka goge wani lokaci ana tono ragowarsa da PhotoRec in ba a rubuta wani abu a kansa ba. Minti talatin zuwa awa ɗaya ya isa a mayar wa mai shi kayansa, ba sai an hana shi ciniki ba.

Katin memori ya fi kile muhimmanci a ganina. Na Sony mega 8 ne kacal, amma a ciki ne fayil ɗin zaɓuɓɓukan PES yake, inda yaran unguwa suka sauya sunaye, suka ƙirƙiri kansu a matsayin ƴan wasa, suka gina ƙungiyar Master League ta shekara da shekaru. A tada manhajar uLaunchELF, a shiga mc0, wato katin, a zaɓi foldar, a manna ta cikin kile da psuPaste, ta fito a fayil ɗin PSU. Kada a yi kwafi na kai tsaye, don FAT32 zai zubar da ranaku da alamomin fayil, shi kuwa PSU yana riƙe su. Sai dai ranar ma a yi hattara da ita: batirin CR2032 da ke cikin injin in ya mutu agogo yana komawa farkon shekarar 2000, sai ka ga duk ajiyar gidan da kwanan wata ɗaya. A tambayi mai gida a rubuta abin da ya ce. Katunan nan masu rubutun mega 64 ko 128 ba na Sony ba ne, su ne ke lalacewa ba sallama, da su za a fara.

Hajiya Mai Kundi:
Sannunku da ƙoƙari. Ƴaƴana, kwafi ba tare da takarda ba tarkace ne. Kowane abu da ya shigo a ba shi lamba, misali ZND-0001, a rubuta ta da alƙalami mai laushi a robar tsakiyar faifan inda babu bayani, a sa wa foldarsa ita. Cikin foldar: kwafin, fayil ɗin map, hoton gaba da bayan faifai da murfi, da takarda mai faɗin unguwar da aka samo shi, ranar da aka kwafa, da wace lektar da wace manhaja, sunan da yara ke kiran wasan da shi, da abin da mai shi ya yarda a yi da shi. Sunan da ake kira ɗin nan kada a raina shi, shi ne zai sa mai bincike bayan shekara ashirin ya haɗa hira da fayil.

Sannan a ƙulle foldar da tsarin BagIt, wanda ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ke amfani da shi. Ba wani abu ba ne illa folda mai suna data da jerin hatiman SHA-256 na duk abin da ke ciki. Kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gari, Yamai ko Maraɗi. Duk wata shida a sake lissafa hatimai, in ɗaya ya sauya a maye gurbinsa daga mai lafiya. Faifan PS2 mai shimfiɗa ɗaya bai wuce giga 4.7 ba, ke nan guda 200 ba su cika tera ɗaya ba, kuɗin diski ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce wanda zai riƙa dubawa.

Ɗalibar Jami'a:
Hajiya, me zai hana a zuba a kile ko katin waya a kulle a akwati? Ai ba su da abin da ke juyawa balle ya karye.

Mai Gyaran Kasuwar Dole:
Ƙanwata kul. Kile da katin waya da SSD caji suke riƙewa cikin ƙananan ɗakuna, cajin kuma yana tsiyayewa in an daɗe ba a sa musu wuta ba, zafi na ƙara masa gudu. Ga jabu ya cika kasuwa: a rubuta giga 64, ainihinsa 8 ne, kina zubawa yana nuna ya karɓa alhali yana taka na farko. Duk wanda aka saya a gwada shi da H2testw ko f3 kafin a yarda da shi. Ajiya ta dogon lokaci diski mai juyawa ne, a sauya shi wajen shekara biyar. Abokin gabarsa ɗaukewar kuran yana cikin rubutu, saboda haka a yi aiki da kwamfutar hannu mai batir mai kyau ko a sa ondila. A ajiye shi cikin roba mai murfi da ƙullin silika saboda damina, a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ba ƙarƙashin kwano ba. Da hunturu kuma iska ta bushe, jiki na tara lantarki, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa kowane allo.

Ɗan Zango:
Akwai rumbun da ba a ambata ba: kwamfutocin masu turi. Tsofaffin diskinsu cike suke da wasannin Java na zamanin Nokia, fayilolin JAR, wani lokaci da JAD. JAR ɗin zip ne, a buɗe a karanta MANIFEST.MF, akwai suna, kamfani da lambar fitowa. Wasa ɗaya yana da kwafi daban don allo 128x160, 176x220 da 240x320, kada a ce maimaici ne a goge, kowanne daban yake. Ana gwada su da J2ME Loader a Android ko FreeJ2ME a kwamfuta. Wasu ƙananan wayoyi masu MediaTek kuma VXP suke ci, shi ma a kwashe. Waɗannan sun fi wasannin PS2 shiga haɗari, don shagunan da suka sayar da su an rufe su tuntuni. A ɗauki foldar yadda mai turi ya jera ta, jerin kansa yana nuna abin da ake nema.

Na Android kuwa, APK, wato fayil ɗin girka manhaja, kaɗai ba ya isa. Tun 2021 sababbin manhajojin Play Store a rarrabe suke zuwa, a yi adb shell pm path da sunan manhajar, a ja duk gunduwoyin da ya lissafo, a haɗa da foldar Android/obb. Wannan ya shafi wasannin Afirka kai tsaye, irin na Maliyo na Legas, na Kiro'o na Kamaru masu Aurion na 2016, da Les Héros du Sahel da aka ƙirƙira a Yamai. Ƙaramin kamfani in ya daina sabuntawa, shago ya ɓoye wasansa daga sababbin wayoyi. Gara a je wurin masu shi tun suna nan a roƙi kwafi da izini a rubuce, har da lambobin tushe in sun yarda.

Mai Gidan Play na Sabon Gari:
To kaset fa? Injinan nan masu kama da PlayStation amma kaset mai ruwan ɗorawa suke ci, mai rubutun 999999 a 1. Da su yawancin yara suka fara.

Mai Gyaran Kasuwar Dole:
Alhaji, waɗannan kwaikwayon Famicom ne, tsohon injin Nintendo na Japan, kaset mai haƙora 60, ba 72 irin na NES, takwaransa na Amurka da Turai, ba. Wasannin ciki ba su wuce kaɗan ba, menu ne ke maimaita su da sauya matakin farawa. Ana karanta kaset da na'ura irin Open Source Cartridge Reader ko INLretro, amma na jabu sukan gagara: an rufe guntun da baƙin gam, ba lamba, kuma hanyar da yake juya shafukan memori ba lallai na'urar ta san ta ba, sai ta ba ka menu kaɗai ko shara. In haka ta faru a buɗe kaset, a ɗauki hoton allon gaba da baya da haske sosai, a yi bidiyon menu da kowane wasa yana tashi, a kai wa masu zauren NESdev. Haƙoran a goge su da auduga da alkol isopropil na kashi 90 ko sama. A daina hurawa da baki, danshin ne ke kawo tsatsa. Kaset na Game Boy mai batir kuwa, a fara kwashe ajiyarsa da GBxCart kafin a kusanto da ƙarfen dalma, don ana cire batir ajiyar ta tafi.

Ɗan Zango:
Ni dai ina ganin da zarar an samu kwafi mai kyau, injin ba dole ba ne. Ga manhajojin kwaikwayon inji a kwamfuta: PCSX2 na tada PS2, DuckStation na tada PS1, MAME tun 1997 yake wannan aiki. Ƙarfe zai mutu ko ana so ko ba a so.

Mai Gyaran Kasuwar Dole:
Zai mutu, amma ba yau ba, kuma da me za ka auna manhajar kwaikwayonka in babu shi? Faci da yawa a kan OPL aka gwada su, ba a kan PCSX2 ba, wani ya yi daidai a can ya tsaya a nan. Tsohuwar tele mai ƙugu ba ta jinkirta hoto, mai faɗi tana yi, mai buga ƙwallo yana jin bambancin a yatsa. A ajiye inji biyu ko uku masu aiki da na cire kaya. A duba bayan kowanne kafin a soka: babban PS2 na Amurka ko Japan wutar 100 zuwa 120 yake sha, namu 220 ne, soka ɗaya ya ƙone. Xbox na farko in an samu, a cire kondensar agogonsa nan take, tana zubar da ruwa ta cinye layukan allo, in ban da samfurin 1.6 da ba ya tashi sai da ita. Kuma BIOS ɗin da manhajar kwaikwayo ke buƙata, wato tsarin da ke tada injin, daga injin ake ciro shi.

Ɗalibar Jami'a:
Duk wannan na abin da ake riƙewa a hannu ne. Yaran yanzu Free Fire da PUBG da eFootball suke yi. Su fa?

Malamin Tarihi:
Ɗiyata, nan ne har manyan jami'o'i suka ciji yatsa. Daga 2008 zuwa 2010 an yi aikin Preserving Virtual Worlds, jami'ar Illinois ta jagoranta tare da Stanford da Maryland da Rochester Institute of Technology. Sun gwada adana wasu tsibiran Second Life, wata duniyar intanet da jama'a ke gine-gine a ciki, sai suka tarar kowane gini da kowace kujera da mai ita, sai an nemi izininsa, kaɗan ne suka amsa. Abin da aka samu ma kango ne ba mutane. Rabin wasan intanet yana kan sabar kamfani, in an kashe ta abin da ke wayarki ba ya wuce allon shiga. Haka aka yi wa The Crew a ƙarshen Maris 2024, har ya haifar da yunƙurin Stop Killing Games. Ana farfaɗowa wani lokaci: Habitat na 1986 ya dawo a 2017, amma don waɗanda suka gina shi suna raye sun ba da lambobin tushe. City of Heroes da aka rufe a 2012 masoyansa suka tada, sai a 2024 kamfanin ya ba su lasisi.

Ko an farfaɗo, abin da ya faru a ciki ba ya dawowa. Annobar Corrupted Blood da ta yaɗu tsakanin ƴan wasa a cikin wasan World of Warcraft a Satumba 2005, wadda masana cututtuka suka yi rubutu a kanta a 2007, ba ta cikin kowane fayil na wasan, da kamfani ya yi gyare-gyarensa ta ɓace. Abin da ya saura bidiyo ne da labarin waɗanda suka gani. Saboda haka na Free Fire aikinmu shaida ne: ɗaukar allo tare da muryoyin ƴan ƙungiya, lambar fitowar wasan a ranar, hira da su, yadda suke sayen lu'ulu'u da kuɗin waya, yadda suke fama da jinkirin rezo.

Hajiya Mai Kundi:
Haka ma gidan Play kansa. A kafa kamara biyu, ɗaya kan tele ɗaya kan benci. A rubuta kuɗin wasa ɗaya, minti nawa ake sa wa, dokar wanda aka ci ya biya ko ya miƙa manet, ƙungiyoyin da aka hana ɗauka don sun fi ƙarfi. Hoton injin a ɗauko shi ta wayar da ke zuwa tele da na'urar kama bidiyo ta USB, a ajiye na asali da FFV1, tsarin bidiyon da ba ya rage inganci, cikin MKV ba tare da an tace layukansa ba, a fitar da ƙaramin MP4 don kallo. Awa ɗaya na cin giga gommai, a zaɓa da hankali. Amma yawancin masu zaman nan yara ne, ba a ɗaukar fuskar yaro sai da yardar iyayensa, a faɗa musu da Hausa inda hoton zai je. Inda ake sa kuɗi a kan wasa, a rubuta ana yi, a ɓoye suna da unguwa.

Mai Gidan Play na Sabon Gari:
Hajiya, in aka gama a zuba duka a Internet Archive kowa ya ɗauka mana, a huta da zancen diski.

Hajiya Mai Kundi:
A'a Alhaji, a rarrabe. Faci yana ɗauke da wasan Konami, kamfanin PES, gaba ɗaya a cikinsa, kuma haƙƙin mallaka bai faɗi ba don faifan ya tsufa. A Amurka ma a Oktoba 2024 ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi bai wa ɗakunan karatu damar nuna wa masu bincike tsofaffin wasanni daga nesa, sai mutum ya zo da ƙafarsa. A shekarar ce masu Yuzu, manhajar kwaikwayon injin Switch, suka biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe. Mu ma muna ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta haƙƙin mallaka, ga BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na Nijar, a Yamai, a nemi shawararsu kafin a buɗe wa jama'a komai. Kundin bayani, hatimai, hotunan murfi da hirarrakin da aka yarda a fitar, waɗannan su hau intanet. Cikakkun kwafi su zauna a ɗaki, mai bincike ya zo ya duba.

Ɗan Zango:
Akwai hanya ta tsakiya, Hajiya. Da xdelta3 ana fitar da bambancin da ke tsakanin na asali da mai faci kaɗai:
xdelta3 -e -s asali.iso faci.iso bambanci.xdelta
Fayil ɗin ba ya tashi sai a hannun wanda ke da na asali mai hatimi ɗaya, don haka a rubuta SHA-1 na asalin a takardar. Bayan an yi, a gwada mayarwa da -d a ga ko hatimin ya koma daidai da na facin. In mai facin ya sake jera fayilolin cikin ISO ɗin, bambancin kan kumbura, sai a ciro kowane AFS a yi masa nasa daban. Tambura da fuskokin da ke ciki dai har yanzu na wasu ne, shi ma a tambaya kafin a saki.

Malamin Tarihi:
To a bi wannan jeri: katunan memori na jabu da kilolin gidajen Play tukuna, tunda su ake gogewa kullum, sai faifan da aka ƙona, sai diskin masu turi, kaset daga baya. Mai Gyara ya rubuto kayan da za a buƙata da farashinsu a Dole, Hajiya ta turo samfurin takardar bayani da ta izinin iyaye, da Hausa da Faransanci. Alhaji, kai za ka yi wa sauran masu gidaje magana, don ba za su miƙa wa baƙo kile ba.

Mai Gidan Play na Sabon Gari:
Ba matsala Malam. Amma a zo da safe kafin a taso daga lakkol, kuma a zo da kile na aro mai wasa a ciki, kada inji ya zauna banza ana kwafi.